Jaruman Zane a Zangon Wagadugu

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa masu zuwa Gwanja saro goro sukan ratsa ta ƙasar Mosi. Waɗansunsu sun yada zango a Wagadugu, birnin sarkin Mosi wanda ake kira Mogo Naba, har suka zauna suka yi iyali. Unguwarsu ita ce aka sani da Zangouettin, sunan da ya samo asali daga kalmar zango. A da tana tsakiyar gari, ba nisa da babbar kasuwar Rood Woko. Yaron da ya tashi a nan bayan samun 'yancin kai a 1960 yakan ji Hausa a gida, ya ji harshen Mosi a kan titi, ya yi Larabci a makarantar allo. In an sa shi lakwal, watau makarantar boko, sai ya ƙara da Faransanci. Wannan harshe na huɗu shi ne ya buɗe masa ƙofar waɗansu littattafai da ba malamin da ya sa shi karanta su, watau mujallun labari cikin zane, waɗanda ake kira bede a ƙasashen renon Faransa.

Yawancinsu ba a babban kanti ake sayensu ba. A Wagadugu, kamar a Yamai da Abijan da Bamako, akwai masu baza tsofaffin littattafai a bakin hanya da gefen kasuwa. Da Faransanci ana ce wa wannan sana'a librairie par terre, ma'ana kantin littattafai na ƙasa. Kayan gwanjo ne da kwantai. Mai ɗan kuɗi ya sayi ɗaya, in ya gama ya yi musaya da abokinsa, littafi ya yi ta yawo hannu-hannu har bangonsa ya rabu da shi.

Waɗanda suka fara karɓuwa su ne ƙananan mujallu masu shiga aljihu, faɗin santimita 13, tsawo 18, baƙi da fari: Akim da Zembla da Kiwi da Rodeo. Akim da Zembla duk 'yan'uwan Tarzan ne, farar fata mai sarautar dajin Afirka. Wanda ya zana Zembla har da dabbar kangaru ya sa cikin abokan tafiyarsa, alhali kuwa dabbar Ostareliya ce. Kamfanin da ke buga Zembla da Kiwi da Rodeo sunansa Lug, an kafa shi a birnin Lyon na Faransa a 1950. Shi ne kuma ya kawo jaruman kamfanin Marvel na Amurka cikin Faransanci, watau sadaukai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, waɗanda Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko suka ƙirƙiro tun daga 1961.

Shigowar tasu ba ta zo da sauƙi ba. Faransa tana da dokar 16 ga Yuli, 1949, wadda ta kafa hukumar sa ido kan littattafan yara. A 1969 Lug ya fito da mujallar Fantask, amma bayan fitowa bakwai ya dakatar da ita, don hukumar ta ce zanen yana da ban tsoro, launukansa kuma sun yi zafi. A watan Janairu na 1970 sai ya fito da Strange, daga baya ya ƙara wata mai suna Marvel. Ita Marvel fitowa 13 ta yi, aka hana sayar wa yara ita a 1971, ta mutu. Strange ce ta rayu, kuma ba ta rayu ba sai da ta koyi sunkuyar da kai.

Ga yadda aka yi. Lug yana da ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne gyara shafukan da suka zo daga Amurka kafin a kai maɗaba'a. Sukan goge manyan haruffan da ke nuna ƙarar naushi ko fashewa. Sukan share layukan da ke nuna gudun hannu, su sassauta fuskar dodo, su cire makami, wani lokaci su ɗauke gidan zane ɗungurungum. Saboda haka mai karatu yakan ga mugu ya kife ƙasa, bai ga dukan da ya kayar da shi ba. Ga mai zane irin Kirby, wanda duk ƙarfin aikinsa yana cikin motsi da karo, wannan ba ƙaramar asara ba ce. An yi wa zaki aski, an yanke masa farce. Duk da haka waɗansu abubuwa sun gagari mai gogewa. Baƙin cikin da John Buscema ya sa a jikin Silver Surfer, baƙon da aka tsare a duniyarmu, ya isa hannun mai karatu yadda yake, haka ma inuwoyin da Gene Colan ya cika shafukan Daredevil da su. Bangon kuwa sau da yawa ba na Amurka ba ne. Wani mai zane, Jean Frisano, shi ke yin sa da fenti, kuma da yawa cikin waɗanda suka karanta Strange suna yara bangonsa suka fi tunawa.

Sunaye ma an taɓa su. Spider-Man ya koma L'Araignée, watau gizo-gizo. Ɗan Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin jarumi mai wannan suna, wanda ba shi da girman jiki sai wayo da baki, ko da yake Gizon tatsuniya cikinsa kawai ya sani, shi kuwa wannan wahalar mutane yake ɗauka. Wolverine kuma, da yake dabbar da aka sa masa sunanta baƙuwa ce ga yaran Faransa, sai aka kira shi Serval, sunan wata kyanwar daji mai dogayen ƙafafu ta Afirka.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai saye a bakin kasuwa shi ne kundi. Duk wata akan mayar wa kamfani kwafen da ba a sayar ba. Maimakon a zubar, sai a haɗa fitowa uku ko huɗu a jere, a datse gefensu, a manne da gam, a yi musu sabon bango, a sake kai su kasuwa da rahusa. Kundi ya fi fitowa ɗaya kauri da arha, ya fi jure tafiya, amma yana da nasa aibin. Kowace fitowa ta Strange tana ɗauke da labarai wajen huɗu, kowanne ci-gaba ne daga watan jiya. Kundi ɗaya wata uku ne kawai daga cikin labarin da ya yi shekaru yana tafiya. Yakan fara a tsakiyar faɗa, ya ƙare jarumi yana rataye a bakin rami. Yaron Lyon zai jira wata mai zuwa. Yaron zango kuwa sai abin da mai baza littattafai ya samo, wataƙila kundin shekara biyu baya, wataƙila na shekara biyar gaba. Sauran labarin a baki ake cike shi, wanda ya karanta ya ba wanda bai karanta ba.

Wajen bugu, a Amurka a kan takardar jarida mai arha ake buga waɗannan mujallu, da tawada huɗu da ɗige-ɗige, launukan da ake iya samu ba su wuce 64 ba. Fitowa goma na farko na Strange ƙanana ne, masu launi biyu. Daga ta 11 aka ƙara mata girma, aka ba ta cikakken launi. Rauninta a ƙasa mai zafi shi ne gam. In ya sha rana da ƙurar hunturu sai ya bushe, shafuka su fara zubewa, kuma shafin farko da na ƙarshe su ne ke fara ɓata.

A Nijeriya an gwada wata hanya. A 1975 aka fara buga Powerman, jarumi baƙar fata, don masu karatu na Nijeriya, ko da yake a Ingila aka rubuta shi aka zana shi. Masu zanen su ne Dave Gibbons da Brian Bolland, a lokacin suna samari. An umarce su su sa wa kowane gidan zane lamba, wai don kada mai karatu ya ɓata hanya. Powerman ba ya jin harsashi, amma saran maciji na iya kayar da shi. Mujallar ta tsaya a 1977. Sai a 1988 wani kamfanin Amurka, Eclipse, ya tattara labaran ya sake bugawa, bayan Gibbons ya yi suna da Watchmen. An yi hakan ne don masu neman aikin ƙuruciyar masu zanen, ba don yaran Legas ko Kano ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da aka bugo a Faransa ya yi tsada. Strange ta daina fitowa a 1998. A watan Mayu na 2003 gobara ta cinye kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A cikin 2003 ɗin ne kuma gwamnati ta rushe Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, a ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka mayar da dubban mutane bayan gari, wajen Ouaga 2000 da Nioko.

Labaran su kansu ba su ɓata ba. Tun 2002 kamfanin Panini yake sake buga su da Faransanci cikin manyan kundaye masu bangon kwali, shekara bi shekara, da zanen asali ba gogewa, a kan farar takarda mai kyau. Wasu tsofaffin masu karatu suna ƙorafin cewa launin ya yi ƙyalli da yawa, domin an zaɓe shi ne tun asali don takarda mai shan tawada. Kamfanin Dark Horse na Amurka kuma ya fitar da Malika a 2021, labarin Roye Okupe ɗan Nijeriya, game da wata sarauniya mayaƙiya wadda ya ɗauko siffarta daga Amina ta Zazzau, ya kuma sa wa daularta suna Azzaz.