Thomas Bach: Ɗan Wasan Takobin Da Ya Ƙi Jinin Ƙauracewa

A shekarar 1976, ƙasashen Afirka fiye da 20 suka janye daga gasar Olamfik ta birnin Montreal a Kanada, ciki har da Ghana, Kamaru, Chadi, Sudan, Nijar da Nijeriya. Dalili kuwa an ƙi korar New Zealand, wadda 'yan wasanta na rugby suka je suka yi wasa a Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. A gasar nan da muka juya wa baya ne wani saurayi Bajamushe mai shekara 22, Thomas Bach, ya ci lambar zinariya tare da abokan wasansa a wasan takobi, inda mutum biyu ke karawa da siraran takubba, fuska a rufe, wanda ya riga taɓa abokin karawarsa ya sami maki.

Bayan shekara huɗu sai abin ya faɗo kansa. Jamus ta Yamma ta bi sahun Amurka ta ƙaurace wa gasar Mosko ta 1980, saboda sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan. Bach, wanda ke magana da yawun 'yan wasan ƙasarsa, ya yi iya yinsa don a bar su su je, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Haka damar kare kambinsa ta salwanta.

A ganinmu, wannan tabon ne ya bi shi har ofis. Lauya ne, ya shiga Kwamitin Olamfik na Duniya a 1991, aka zaɓe shi shugaba a 2013. A mulkinsa, aƙidar da yake bayyanawa ita ce bai kamata a hukunta ɗan wasa da laifin gwamnatinsa ba. Wannan aƙida ta haifi tawagar 'yan gudun hijira a gasar Rio ta 2016, mutum 10, biyar daga cikinsu 'yan Sudan ta Kudu. Ita ce kuma ta jawo masa suka mai zafi, da ya ƙi korar Rasha baki ɗaya a waccan shekara, duk da badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari.

Inda muka saɓa da shi shi ne ganinsa cewa ƙauracewa ba ta haifar da komai. Tamu ta 1976 ta haifar: a 1977 ƙasashen Kwamanwel suka amince da yarjejeniyar Gleneagles, ta yanke hulɗar wasanni da gwamnatin wariya.

A watan Yunin 2025 ya miƙa ragama ga Kirsty Coventry 'yar Zimbabwe, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko a kujerar.