Bindigar tsaron amfanin gona: Abin da ya kamata manomin Karaye da Rogo ya sani kafin ya zaɓa

Duk shekara, da zarar masara ta fara goyo, gyaɗa ta fara ƙwari, manomi a ƙasar Karaye da Rogo yakan shiga wani aikin da ba ya cikin lissafin taki da iri, wato gadin gona. Biri yana karya zangarniya da hantsi, kurege yana tone irin da aka shuka, gyazbi yana sare rake da shinkafa cikin dare, dila kuma yana zagayen akurkin kaji. A fadamun da ke kewaye da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Karaye, noman rani ya sa ɓarnar ba ta yankewa ko bayan kaka. Ba mamaki manomi ya ce bari ya nemi bindiga. Sai dai a Najeriyar yau, wannan shawara tana haɗe da doka, da tsaro, da ran mutum. Ga bayanin abin da ke cikinta.

Asalin maganar

A Amurka da Kanada da Ostireliya, harbin dabbobi masu ɓarna fanni ne mai zaman kansa, da bindigoginsa da harsasansa. Makiyayan can suna fama da wani jinsin dila da wasu manyan ɓeraye masu haƙa ramuka a makiyaya, kuma suna harbinsu daga nisan mita 200 zuwa 300 ko fiye. Don haka suke zaɓen bindiga mai dogon baki mai kauri, wadda aka ɗora wa madubin hangen nesa, mai cin ƙaramin harsashi mai tsananin gudu. Harsasan .223 Remington da .22-250 sun yaɗu a kasuwarsu tun shekarun 1960, sannan .17 HMR ya fito a 2002.

Wannan tsari an gina shi ne a kan fili mai faɗin gaske, inda mutum zai yi tafiyar kilomitoci bai ga gida ba. Yammacin Kano ba haka yake ba. Gona tana jikin gona, ƙauye yana kallon ƙauye, ga burtali, ga rugar Fulani, ga mata masu itace da yara masu kiwo. Saboda haka tambayar da ta dace a nan ita ce: wace bindiga doka ta yarda da ita, wacce ce ba za ta kai inda ba a aike ta ba, kuma shin matsalar ma ta bindiga ce?

Abin da doka ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa makamai gida uku.

Kashi na farko shi ne makaman da aka haramta: bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja masu cin harsashi irin su milimita 7.62 da 9 da .303, da ƙananan bindigogin hannu. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. AK-47 tana nan, kuma duk makamin da ba a ambata a sauran kashi biyun ba, nan yake faɗawa.

Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai: bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko baki biyu, bindigar farauta mai harsashi ɗaya wadda ba ta soja ba, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Dokar ta cire duk bindigar harbin tsuntsu mai na'urar ɗura harsashi daga wannan kashi, shi ya sa wadda ake kira famp-akshin, duk da yawanta a hannun 'yan sintiri, ba ta cikin waɗanda ɗan ƙasa zai riƙe da lasisin 'yan sanda.

Kashi na uku shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato adaka ko bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Al'amarinsu yana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Ƙera su ko gyara su a matsayin sana'a shi ma yana bukatar izini.

Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Hukuncin riƙe makamin kashi na farko ba bisa ƙa'ida ba ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne; na kashi na biyu yana iya kai shekara biyar.

Akwai kuma abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya. A watan Agusta na 2023, rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Kayode Egbetokun ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda yawaitarsu a hannun jama'a. Duk wanda ke tunanin sayen bindiga, matakinsa na farko shi ne ya tabbatar da matsayin wannan umarni a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, kafin ya fitar da ko sisi. Rasit daga maƙeri ko katin ƙungiyar mafarauta ba lasisi ba ne.

Kowace bindiga da halinta

Adaka ita ce wadda aka sani a karkara. Sunanta na Turanci ya samo asali daga 'yan kasuwar Denmak da suka riƙa sayar da irinta a gaɓar tekun Gana. Ta daɗe a hannun mutanenmu ne saboda siyasa: yarjejeniyar Birasals ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka makaman zamani, ta bar musu masu ɗurin albarushi. Amfaninta shi ne araha da ƙara mai firgita garken birai. Illarta kuwa babba ce. Ba ta da saiti mai kyau, ɗurinta yana cin lokaci, albarushi yana ƙin tashi idan ya sha danshin damina, kuma bakin da aka yi da bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba yana iya fashewa a hannun mai ita. Yatsu da idanun maharba da dama sun tafi ta wannan hanya.

Bindigar harbin tsuntsu tana watsa ƙananan ƙwayoyi ne maimakon harsashi ɗaya. Tasirinta yana tsakanin mita 30 zuwa 40, daga nan ƙwayoyin su rasa ƙarfi da sauri. Wannan gajeren zango, wanda maharbin Amurka zai ɗauka naƙasu ne, shi ne babbar fa'idarta a wuri mai cunkoson jama'a. A cikin masu cin albarushi, ita ce ta fi dacewa da gyazbi da zomo da dila a gonakinmu.

Bindigar iska, mai ƙwayar milimita 4.5 ko 5.5, ta isa ga ɓera da kurege da tsuntsu a nisan da bai wuce mita 25 zuwa 30 ba. Ba ta da ƙara, ƙwayarta kuma da araha. Amma ba abin wasan yara ba ce: tana tsiyaye ido, kuma doka ta sa ta a sahun masu bukatar lasisi.

Bindigar farauta mai harsashi ɗaya ita ce ta fi kowacce saiti, ita ce kuma ta fi haɗari a nan. Ko ƙaramin harsashin .22, wanda ake rainawa, yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi idan an harba shi sama, kuma yana tsalle idan ya bugi dutse ko ƙasa mai tauri ko fuskar ruwa. Wanda ya harbi biri a kan ɗorawa ya kuskure, bai san a tsakar gidan wa harsashin zai sauka ba.

Dabbar ita ke nuna makamin

Yawancin ɓarnar da manomi ke kuka da ita ba ta jin maganin bindiga. Tsuntsayen jan-baki suna zuwa dubbai. Harbi ɗaya zai kashe kaɗan, sauran su tashi su sauka a gonar maƙwabci. Shi ya sa a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe ake yaƙar su da feshin jirgin sama a wuraren kwanansu, manoma kuma suna kare shinkafa da raga da gwangwanaye da igiya.

Ɓera ma haka. Yana haihuwa da saurin da harsashi ba zai cim masa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: rumbun da ba a liƙe ba da buhunan da aka jibge a ƙasa su ne ke gayyatarsa. Ɗaga rumbu daga ƙasa, adana hatsi a ganga mai murfi, tarko da kyanwa sun fi bindiga aiki. Akwai kuma batun lafiya. Ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana zaune a gidaje da gonaki, kuma taɓa jininsa ko fitsarinsa hanya ce ta kamuwa. Kashe shi a ɗauka da hannu ba riba ba ce.

Gyazbi da beguwa dabbobin dare ne masu bin hanya ɗaya, don haka tarko a kan turbarsu da share ciyawar gefen gona sun fi zaman jira da fitila. Biri kuwa yana da wayo. Gadi da karnuka da majajjawa, musamman idan maƙwabtan gona suka raba ranaku a tsakaninsu, sukan kore shi har a yi girbi.

Akwai dabbobin da kashe su ma asara ce. Mujiya da tunku da macizai da yawa abincinsu ɓera ne. Inda aka ƙarar da su, ɓera ke mulki. Wasu kuma doka ce ta kare su. Dokar Kare Dabbobin da ke Fuskantar Ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta farautar irin su damisa da ɗankunya, kuma farauta a gandun dajin Falgore da ke kudancin jihar laifi ne ko da bindigar mai lasisi ce.

Dalma ma abin lura ce. Ƙwayoyin harbi da ita ake yin su, kuma sukan tarwatse cikin naman da za a kai tukunya. Arewa ta san illar dalma tun annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinare. Tarayyar Turai ta hana harbi da ƙwayar dalma a wuraren dausayi tun Fabrairun 2023. Mai harbi a bakin Challawa, inda ake kamun kifi ake kuma shayar da dabbobi, ya kamata ya san wannan.

Bindiga a zamanin zargi

A da, maharbi mutum ne sananne. Yana ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, dagaci ya san shi, farauta kuma tana da lokacinta a rani bayan an kwashe amfanin gona. Yau wanda aka gani da bindiga a bakin daji, kafin a tambayi sunansa an yanke masa hukunci. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa Kano domin Sallah, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne.

Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma hare-haren da aka kai Shanono da Tsanyawa a 2025 sun ƙara wa yammacin Kano zaman ɗar-ɗar. A irin wannan yanayi, bindigar da aka saya don biri tana iya jawo wa mai ita kamu a shingen bincike, ko ta zama abin da ɓarayi za su zo nema, ko ta fito a ranar da shanu suka shiga gona rai ya ɓaci. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Muhawarar ta kai har sama. A watan Yuni na 2022, gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya nemi jama'a su mallaki bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A ɗaya ɓangaren, gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, aka kuma ba ta doka a 2024. Tsakanin waɗannan matsayi biyu, manomi da maharbi na gaskiya ne suka rasa madafa: dokar da ke kansu ta girmi 'yancin kan Najeriya, ƙofar lasisi kuma ba a buɗe take ba.

Kafin a yanke shawara

Wanda ya auna duka wannan ya ga har yanzu yana bukatar bindiga, akwai ƙa'idojin da maharba na ƙwarai ba sa saɓawa. Lasisi yana gaba da saye. Mai unguwa da dagaci da ofishin 'yan sanda na yanki su san da ita. Ba a harbin motsin ciyawa ko ƙyallin ido cikin dare sai an tabbatar da abin da ke wurin da abin da ke bayansa. Ba a ajiye ta da ɗuri, ba a haɗa ta da harsashi a wuri ɗaya, ba a barin ta inda yaro zai kai hannu. Ba a ba da aronta, ba a kuma tsallaka jiha da ita ba tare da takarda ba.

Ga mafi yawan manoma, hanya mafi sauƙi ita ce wadda kakanni suka bi: a kai kuka wurin maharban gari da aka sani, su yi aikin a lokacin da aka sanar da kowa. Masarautar Karaye, wadda dokar 2024 ta bar mata ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da za su iya tsara rajistar maharba tare da 'yan sanda. Majalisar Tarayya ce ke da ikon sabunta dokar 1959 ta yadda za ta bambanta mai gadin gyaɗa da mai ɗauke da makamin yaƙi, gwamnatin jiha kuma ita ke da alhakin tura malaman gona da za su koyar da dabarun da ba sa bukatar albarushi. Waɗannan su ne tambayoyin da matasan yankin za su iya ajiyewa a gaban 'yan majalisarsu da shugabannin ƙananan hukumominsu kafin damina ta gaba ta sauka.