Kukan Nayirah da lissafin Albright

Kowane darakta, daga Kano har Indiya, ya san wannan sirrin: idan kana son 'yan kallo su tsani mugu a fim, kada ka tsaya dogon bayani. Sa shi ya mari tsohuwa, ko ya taɓa jariri. Shi ke nan ka gama da shi. Daga nan duk abin da jarumi ya yi masa, ko yankan rago ne, tafi za a yi. To, mai karatu, ba 'yan fim kaɗai suka san wannan dabara ba. An taɓa amfani da ita wajen shawo kan jama'ar Amurka su yarda a tafi yaƙi, kuma jinin da aka zubar daga baya ba jan kala ba ne.

A ranar 2 ga Agusta, 1990, sojojin Saddam Hussein na Iraƙi suka mamaye Kuwait. Shugaba George Bush babba yana son ya kore su da ƙarfin soja, amma Amurkawa sun rabu biyu. Masu adawa suna cewa a bari takunkumi ya yi aikinsa, don me za a kai 'ya'yan talakawa su mutu saboda man fetur da gidan sarautar wata ƙasa? Tabon yaƙin Biyetnam bai gama warkewa ba. Muhawara ce ta hujja da hujja, kowa da lissafinsa.

Sai ranar 10 ga Oktoba aka kawo wata yarinya 'yar shekara 15 gaban wani zauren kare haƙƙin ɗan'adam na 'yan majalisar Amurka, wanda Tom Lantos da John Porter ke jagoranta. An ce sunanta Nayirah, kuma an ɓoye sunan mahaifinta wai don kare danginta. Tana magana muryarta na rawa, hawaye na zuba, ta ce tana aikin sa-kai a asibitin Al-Adan lokacin da sojojin Iraƙi suka shigo da bindigogi, suka ciro bakwaini daga kwalaben da ake renon su, suka yi gaba da kwalaben, suka bar jariran a ƙasa cikin sanyi har suka mutu.

Jama'a, wa zai ji wannan zuciyarsa ba ta karye ba? Gidajen talabijin suka yi ta nunawa. Bush ya riƙa maimaita labarin a jawabansa. A watan Disamba ƙungiyar Amnesty International ta sa shi a rahotonta, har ta ce jariran sun haura 300. Ranar 12 ga Janairu, 1991, majalisar dattawa ta amince da yaƙin da ƙuri'a 52, masu adawa 47, kuma wasu sanatoci sun kafa hujja da jariran nan a jawabinsu. Dubi tazarar: da sanatoci uku sun sauya ra'ayi, da ƙudurin ya faɗi a zauren. Ranar 17 ga wata bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Sai da ƙura ta lafa gaskiya ta fara leƙowa. A watan Maris na 1991 wakilin gidan talabijin na ABC, John Martin, ya zaga asibitocin Kuwait, ya gano cewa lallai jarirai sun mutu, amma galibi saboda likitoci da ma'aikatan jinya sun gudu ko sun daina zuwa aiki. Amnesty ta janye maganarta, ihu bayan hari. A watan Janairu na 1992 ɗan jarida John MacArthur ya fasa ƙwai a jaridar New York Times: ashe Nayirah 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, Saud Al-Sabah, jinin gidan sarauta.

Idan muka auna abin da ma'aunin sana'armu, fim ne cikakke. Furodusa ita ce wata ƙungiya mai suna Citizens for a Free Kuwait, wadda kusan duk kuɗinta daga gwamnatin Kuwait suka fito. Darakta shi ne kamfanin tallace-tallace na Hill & Knowlton, wanda ya karɓi sama da dala miliyan 10. An ma gwada 'yan kallo tun kafin a fara ɗauka, domin an yi ta tara mutane rukuni-rukuni ana auna irin labarin da ya fi sosa musu rai, aka ga labarin zalunci ya fi tasiri. An yi wa jarumar rihazal. Lokeshin kuwa an zaɓe shi da wayo: zauren ba kwamitin majalisa ba ne na hukuma, saboda haka ba a rantsar da mai ba da shaida. Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki, domin a Disamban 2002, ana shirin yaƙin Iraƙi na biyu, fim ɗin Live from Baghdad na HBO ya sake nuna kukan Nayirah kamar ba a taɓa ƙaryata shi ba. Sai da aka yi ca a kansu suka ƙara rubutu a ƙarshen fim ɗin cewa ba a taɓa tabbatar da zargin ba.

Kada a ce ina wanke Saddam. Mamayar gaskiya ce, kuma sojojinsa sun azabtar da mutanen Kuwait, sun kashe su. Kafin nan ma, a watan Maris na 1988, ya kashe Kurdawa kimanin 5,000 da iska mai guba a garin Halabja. Amma a lokacin Iran yake yaƙa, manyan ƙasashen Yamma na tare da shi, sai hotunan gawarwakin ba su tada jirgin yaƙi ko ɗaya ba. Ka ga ke nan ba yawan gawa ke tada hankalin duniya ba, sai wanda ya samu mai tallata shi.

Wani zai ce to ai maganin abin shi ne a ajiye tausayi gefe, a yi aiki da hankali zalla. Mu dubi inda wannan ya kai mutane. Da asubahin 13 ga Fabrairu, 1991, jiragen Amurka suka jefa bama-bamai biyu a kan wata mafakar farar hula a unguwar Amiriyya da ke Bagadaza. Na farko ya huda rufin, na biyu ya shige ciki ya fashe. Sama da mutum 400 suka ƙone, yawancinsu mata da yara. Jami'an Amurka suka ce cibiyar ba da umarnin soja ce, suka shiga magana da harshen ofis, irin wanda ke kiran gawar yaro ɓarnar da ba a yi niyya ba. Mutanen da suka yi kuka kan jariran da ba a tabbatar ba, su ne suka koma masu sanyin kai a gaban yaran da aka kwaso a ƙone.

Sai kuma watan Mayu na 1996, a shirin 60 Minutes na CBS. 'Yar jarida Lesley Stahl ta tambayi Madeleine Albright, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, cewa an ce yara rabin miliyan sun mutu a Iraƙi saboda takunkumi, shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Albright ta amsa cewa zaɓi ne mai wuya, amma a ganinsu ta biya. Daga baya ta ce ta yi nadamar furucin. Wannan shi ne lissafin da aka zare wa zuciya: yara sun koma kuɗin cefane.

A nan ne labarin ya zo kanmu. A 1991 mutane da yawa a Arewa suna bayan Saddam, an liƙa hotunansa a shaguna da motoci, har jarirai aka raɗa wa sunansa. Wannan adadi na rabin miliyan kuwa an daɗe ana maimaita shi a majalisun hira. To, a 2017 wasu masana ƙidayar jama'a biyu, Tim Dyson da Valeria Cetorelli, suka kwatanta binciken da UNICEF ta yi a 1999 da waɗanda aka yi bayan faɗuwar Saddam a 2003, suka nuna cewa gwamnatin Iraƙi ce ta kumbura alƙaluman. Takunkumin ya gallaza wa talaka, an yi yunwa da ƙarancin magani, wannan babu musu. Amma shi ma Saddam ya shirya nasa fim ɗin da gawar yara, ya samu 'yan kallo a cikinmu. Ashe lamba ma ana yi mata kwalliya kamar yadda ake ɗiga wa 'yar wasa ruwa a ido.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, masu son yaƙi ba su damu da wace ƙofa za su shigo ba. Idan kukan jariri zai biya musu buƙata, za su kawo shi. Idan kukan zai hana su, sai su ce a yi hankali, a bar son zuciya. Wanda ba ya jin zafin mutuwar yaro bai cancanci a saurare shi a maganar yaƙi ba. Wanda kuma hawaye ke rufe wa ido har ya kasa tambaya, ya zama raƙumi da akala, kuma da ƙuri'arsa ko ihunsa za a je a kashe wasu yaran.

Yanzu da hoton yaƙi ke shigowa wayar kowa kafin ya karya kumallo, mu 'yan kallo muna da abin da ya kamata mu fi kowa iyawa, wato karanta sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim. Wa ya ɗauka? Wa ya biya? Me ake so in yi bayan na gama kuka? Kuma tambayar ta fi wajaba a ranar da labarin ya yi daidai da abin da ranka ke so, domin ranar ce ba ka tsaro. Yaran Amiriyya ba a yi musu rihazal ba, babu kamfanin da ya karɓi ko sisi don ya tallata su. Kowace ƙarya da aka yi da sunan jariri, irinsu take cuta, domin gobe idan na gaskiya suka mutu, sai a ce ai shiri ne.