Al-Magili: Malamin da Ya Rubuta wa Sarki, Aka Yaƙi Sarakuna da Rubutunsa

Kusan duk shekara, in muka kai darasin jihadin 1804, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, shin kakanninmu ba musulmi ba ne da aka yaƙe su?" Tambaya ce mai nauyi ga yaron da ya tashi a Agye ko Gazawa, ƙasar tsohuwar Katsina, ko a Tsibiri ta gundumar Gidan Rumji, inda sarautar Gobir ta zauna. Ni ma na fita makarantar horon malamai ban da amsar da ta gamsar da ni. Daga baya na gane sai mutum ya koma baya da shekara ɗari uku, ga wani baƙon malami da ya ratso Sahara, kafin ya kama bakin zaren.

Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili. An haife shi a Tilimsan, a Aljeriya ta yau, a rabin farko na ƙarni na 15, ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman al-Sa'alibi, sannan ya koma Tuwat, zangon da ayarin raƙuma ke yada kaya tsakanin Magrib da ƙasashenmu. Yawancin abin da muka sani game da shi ya zo ne ta hannun Ahmad Baba na Tambutu, a littafinsa Nailul Ibtihaj.

A Tuwat ya fara suna, kuma ba ta hanya mai daɗin faɗa ba. A garin Tamantit akwai Yahudawa ƴan kasuwa da maƙera zinariya da suka daɗe a wurin. Al-Magili ya ce sun karya sharuɗɗan amana, don haka a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce bai yarda ba. Aka aika neman fatawa Fas da Tilimsan da Tunis, kan malamai ya rabu, kuma al-Wansharisi ya adana muhawarar a cikin al-Mi'iyar. Da al-Magili ya sami goyon bayan al-Tanasi da al-Sanusi, sai ya tara mabiyansa suka rushe ginin, aka zubar da jini, waɗanda suka tsira suka watse.

Bayan wannan ya yi kudu. Ya shiga Abzin, ya koyar a Takedda, ya zarce Kano da Katsina. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu wurinsa akwai Muhammadu al-Tazakhti, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya zama alƙali a Katsina har ya rasu wajen 1529. A Kano kuwa, Sharifai na danganta asalinsu gare shi har gobe.

A Kanon ya iske Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya rubuta wa Tajuddini, ƙaramin littafi mai babi takwas kan abin da ya wajaba a kan sarki: gyara niyya, kiyaye kwarjini, tsara ma'aikata, zama cikin shiri a gida da tafiya, binciken al'amura da kansa, adalci a hukunci, tara dukiya ta halal, da kashe ta inda ya dace. Gargaɗin da yake ta maimaitawa shi ne kada sarki ya yarda a sa shamaki tsakaninsa da talakawansa, domin daga nan ɓarna ke tsirowa. Duk wanda ya taɓa wuni a ƙofar ofis yana jiran ganin mai ofis, har rana ta faɗi bai gan shi ba, ya san wannan magana ba ta tsufa ba.

Malamin ya iya waƙa ma. Jalaluddin al-Suyuɗi na Masar, wanda shi ma ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, ya haramta karatun manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, saboda asalinsa na Girkawa ne. Al-Magili ya mayar masa da martani cikin baitoci, hujjarsa kuwa ita ce ana auna magana da gaskiyarta, ko daga bakin wa ta fito. Al-Suyuɗi ya amsa da baitoci. Abin mamaki, mutumin da ya rufe ƙofa a Tamantit shi ne ya tsaya kai da fata a bar ƙofar ilimi a buɗe.

Daga ƙasar Hausa ya wuce Gawo, fadar Askiya Muhammadu, wanda ya ƙwace mulkin Songhai daga gidan Sunni Ali a 1493. Askiya na buƙatar hujjar da za ta halatta masa gadon sarautar, ya jero tambayoyi bakwai. A amsoshinsa al-Magili ya kafirta Sunni Ali, ya ce mai furta shahada yana haɗa ta da tsafi ya fita musulunci, kuma yaƙar irinsa ta fi cancanta. Ya yi kakkausar magana kan malaman banza masu halatta wa sarakuna son zuciya, ya kuma tuna da mujaddadin da ke zuwa a kan kowace shekara ɗari.

A Gawon ne labari ya same shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke garin, aka kuwa kama su. Sai Mahmud ɗan Umar Akit, malamin Tambutu, ya ce waɗannan bayin Allah ba su da hannu a kisan, aka sake su. Al-Magili ya koma Tuwat, ya rasu wajen 1504.

Yanzu mu dawo gida. Shekara ɗari uku bayan haka, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauko amsoshin Gawo ya kafa hujja da su a Sirajul Ikhwan, ya kuma kawo wasiƙar al-Magili ga Rumfa a Tanbihul Ikhwan. Mizanin da aka auna Sunni Ali da shi, da shi aka auna sarakunan Hausa. Birnin Katsina ya faɗi a 1807, Alƙalawa ta bi a 1808. Ɗan Kasawa ya sake kafa sarautar Katsina a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ko a lokacin ba kowane malami ya gamsu ba. Shehu al-Kanemi na Barno ya rubuta cewa saɓo da bidi'a ba su mayar da mutum kafiri, Muhammadu Bello ya kawo wasiƙun da martaninsu a Infaƙul Maisur.

To, abin da nake faɗa wa ɗalibin nan ke nan. Kakanninsa suna salla tun kafin al-Magili ya tako Katsina, in ba haka ba me zai kawo malami irinsa koyarwa a can? Rigimar a kan inda iyakar musulunci ta tsaya aka yi ta, da wanda ke da ikon shata ta, kuma manyan malamai sun saɓa a kanta. Wasu cikinmu na ɗauke al-Magili waliyyi tsantsa, wasu na jin haushinsa don an kori kakanninsu da alƙalaminsa. Ni ina ganin a karanta shi gaba ɗayansa: a riƙe babi takwas ɗin nan a auna hakimi da magajin gari da su, a kuma yi hattara da saurin kafirtawa, domin mun ga abin da ya jawo a yankin Madarumfa da Gidan Rumji balle Difa... 

A allo kuwa, in na rubuta sunan al-Magili, nakan rubuta na al-Asnuni da na Mahmud ɗan Umar a gefensa, malamai biyun da suka dube shi suka ce masa a'a, in sa yara su kwafe duka ukun a littafinsu.