Sojojin Darma da Suka Koma Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a gindin bishiya a Kazaure, ko a Roni bayan la'asar, ya san wasan ba ya cin ko sisin kwabo. A tona gurabu talatin a ƙasa, layi biyar kowanne da gida shida. Kowa ya riƙe 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke, wancan tsakuwa, a dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa gida-gida. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. 'Yan kallo kuwa, kamar kullum, sun fi masu wasan iya wasan.

Da irin wannan wasa wani kamfanin Ingila ya fara neman abinci. A shekarar 1975 wasu abokai uku, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka kafa Games Workshop a gidan da suke haya a Landan. Peake ne mai hannun sassaƙa, shi yake fafe allunan katako na wasannin gargajiya. A cikinsu akwai na ramuka da ake zuba 'ya'ya, irin wanda Yarbawa ke kira ayo, akwai kuma wani tsohon wasan Turawa na jera uku wanda ɗan dara zai gane shi da kallo ɗaya. Yau wannan kamfani shi ne mai Warhammer, kuma tun watan Disamba na 2024 yana cikin jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Ba katako ne ya kai shi can ba. 'Yan mutum-mutumin sojoji ne da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba.

Wasan yaƙi a kan tebur ya girme su nesa ba kusa ba. A ƙasar Furusiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, wani mai suna von Reisswitz ya kai wa sarki irinsa a 1812, ɗansa kuma ya gyara dokokin a 1824 har rundunar soja ta karɓe shi a matsayin darasin hafsoshi. Da Furusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran rundunonin Turai suka shiga kwaikwayo. Marubuci H. G. Wells ne ya fitar da abin daga bariki a 1913, da ya rubuta dokokin yin faɗa da sojojin wasan yara, ana harbinsu da 'yar igwa mai ƙarfen tsalle. Daga nan ya zama sha'awar magidanta masu lokaci da wurin baza kaya.

Su kuwa abokan nan uku ba su daɗe a kan katako ba. Sun samu izinin rarraba wasan Dungeons & Dragons na Amurka a Turai, Peake ya ga ba tafiyarsa ba ce ya janye a 1976. Mujallarsu White Dwarf ta fito a 1977, shagon farko ya buɗe a unguwar Hammersmith a 1978. Sai suka haɗa jari da wani maƙerin darma, Bryan Ansell, aka kafa Citadel Miniatures a garin Newark, ana narka darma ana zubawa a mazubi, tana fitowa jarumai da dodanni.

A nan ne dabarar kasuwancin take. Mai wasan Dungeons & Dragons mutum-mutumi ɗaya ya ishe shi, ko 'yan kaɗan. Ansell yana son dalilin da zai sa mutum ya sayi ɗari. Dalilin shi ne Warhammer, littafin dokokin da shi da Richard Halliwell da Rick Priestley suka fitar a 1983, inda kowane ɗan wasa ke tara runduna guda. Wato ba don wasa aka ƙera sojojin ba, don sojojin aka ƙirƙiro wasan. A 1987 Priestley ya ɗauke labarin ya kai shi sararin samaniya, shekara dubu arba'in nan gaba, ya kira shi Warhammer 40,000. A can akwai wani sarkin sarakuna da ya shekara dubu goma a kan gadon zinariya, bai mutu ba bai yi rai ba, ga dakarunsa masu sulke, ga korayen ƙattai masu son faɗa, ga wasu ƙwari masu cinye duniya sukutum. Tatsuniya ce tsagwaronta, kuma waɗanda suka rubuta ta da gangan suka zuba mata gatse a kan mulkin danniya, ko da yake ba duk masoyanta ne suka lura ba.

Yadda ake yin wasan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Sojan ba a haɗe yake zuwa ba. Mai shi ne zai yanke gaɓoɓin, ya manna da gam, ya zauna da siririn buroshi yana shafa fenti, wani lokaci soja ɗaya ya ci dare guda. Ranar karawa a shimfiɗa tebur, a kafa duwatsu da kangaye na roba, a auna tafiyar kowace ƙungiya da tef, inci-inci, a watsa 'ya'yan lido a ga ko harbi ya samu. Kowa da layinsa: in ɗaya yana motsi, ɗayan ya harɗe hannu. Karawa ɗaya takan ci awa biyu zuwa uku.

Wannan jiran layi shi ne ya zame wa masu shirya wasan kwamfuta ƙarfen ƙafa. Na farko-farko, irin HeroQuest na 1991 da Space Crusade na 1992 waɗanda kamfanin Gremlin na Sheffield ya fitar, kwafe allon suka yi kawai suka ɗora a kan gilashi, kwamfuta tana yin lissafin da ɗan wasa ya saba yi da ka. Amana sun riƙe ta, amma ba su ƙara komai ba. Space Hulk na kamfanin Electronic Arts, a 1993, shi ya fara karya doka: dodannin ba sa jiran kowa, suna ta tahowa ta lunguna masu duhu, ɗan wasa kuma an ba shi ɗan lokaci ƙayyadadde da zai tsayar da komai ya ba da umarni. Tsoron da tebur ba ya iya sa wa mutum, sai ga shi ya samu. Shekara biyu bayan haka Shadow of the Horned Rat ya ba ɗan wasa rundunar sojan haya, wanda ya mutu a fagen yau ba zai tashi a na gobe ba. Ya yi suna wajen wahala. Magajinsa Dark Omen na 1998 har yau yana da masu begensa.

A tsakanin nan wata babbar dama ta wuce. Patrick Wyatt, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Warcraft a kamfanin Blizzard, ya ba da labari daga baya cewa wani daga cikin shugabanninsu ya so a nemo lasisin Warhammer don wasan, amma cinikin bai faɗa ba, ma'aikatan ma ba sa son wani ya riƙe musu linzami. Warcraft ya fito a 1994 da nasa korayen ƙattai, ya haifi World of Warcraft a 2004, wanda miliyoyin mutane suka riƙa biya wata-wata. Lokacin da Warhammer Online ya fito a 2008 don ya yi takara da shi, kasuwa ta riga ta ci ta watse. An rufe shi a watan Disamba na 2013.

Wanda ya nuna hanya sosai shi ne Dawn of War, na kamfanin Relic da ke Bankuba a Kanada, a watan Satumba na 2004. Ba tef, ba 'ya'yan lido, ba jiran layi. An bar sulke da tuta da muryoyi da labari, an zubar da sauran. Mai son ƙarin dakaru dole ya fita ya kama wurare a fage ya riƙe su, ba ya zauna a gida yana tara dukiya ba, kuma ƙungiyar da ta sha wuta tana iya karaya ta kasa faɗa. Da yawa daga cikin waɗanda suka san Warhammer a wajen Turai da Amurka ta wannan ƙofa suka shigo, ba su taɓa riƙe sojan darma ko na roba a hannu ba.

Kamfanin THQ, wanda Relic ke ƙarƙashinsa, shi ne ke riƙe da lasisin Warhammer 40,000 a wancan lokaci. Da ya karye a ƙarshen 2012 aka yi gwanjon kayansa, Sega ta sayi Relic a kan dala miliyan 26.6. Daga nan Games Workshop ya sake salo, ya daina damƙa komai a hannun mutum ɗaya, ya riƙa yanka lasisin ƙanana-ƙanana yana bai wa duk wanda ya zo da tayi. Wasanni suka yi ta fitowa, masu kyau da na banza, na banzan ma sun fi yawa. Ko Dawn of War na uku, a 2017, bai kai ko'ina ba. Amma a cikin tarkacen an samu Vermintide na kamfanin Fatshark na Suwidin, a 2015, inda mutum huɗu ke haɗa kai su yaƙi tururuwar ɓeraye masu tafiya da ƙafa biyu. Akwai kuma labarin kamfanin Cyanide na Faransa, wanda ya fitar da Chaos League a 2004, wasan da ya yi kama da Blood Bowl na Games Workshop har aka kai ga lauyoyi. Sulhun da aka yi shi ne a ba su lasisin su yi na gaskiyar, suka kuwa fitar da shi a 2009.

Abin da ya fi ban dariya a tarihin nan ya faru ne a 2015. Cinikin tsohon Warhammer na takobi da doki ya ja baya, sai kamfanin ya rubuta labarin tashin duniyarsa, ya hallaka ta ƙurmus, ya kawo sabon wasa mai suna Age of Sigmar. Ba a cika shekara ba, a watan Mayu na 2016, kamfanin Creative Assembly, wanda ya saba da yaƙe-yaƙen tarihi irin na Rum da Japan, ya fitar da Total War: Warhammer a kan wannan duniyar da aka riga aka binne. Ya sayar da sama da kwafi rabin miliyan cikin 'yan kwanaki. Na biyu ya biyo a 2017, na uku a 2022. Sabbin masoya suka riƙa zuwa shago neman sojojin da suka gani a allo, ana ce musu an daina ƙera su. A watan Janairu na 2024 kamfanin ya tono gawar, ya dawo da wasan da sunan The Old World.

Duk da haka, a littafin kuɗin kamfanin wasan kwamfuta ɗan rakiya ne. A shekarar kuɗi ta 2024/25, wadda wasan kwamfuta na Space Marine 2 ya fito a cikinta ya kuma yi kasuwa ƙwarai, kuɗin lasisi fam miliyan 52.5 ne, cinikin sojoji da fenti da littattafai kuwa fam miliyan 565. A Nottingham ake ƙera sojojin, yawancinsu na roba yanzu. Wasan kwamfuta kuwa talla ce da wasu ke yi masa, su kuma biya shi.

To ina Kazaure a cikin wannan? Sojojin ba su iso ba, kuma da wuya su iso. Kamfanin yana da shaguna sama da 500 a duniya, babu ko ɗaya nasa a Najeriya, kuma a farashin fam na yau, kuɗin runduna ɗaya ya isa jarin ƙaramar sana'a. Allo ne ya iso. Garin ya san kwamfuta da wuri idan aka gwada shi da takwarorinsa, domin a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ɗan garin ne, aka buɗe makarantar koyon kwamfuta da kowa ke kira Informatics, ga kuma kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ɗalibanta. A daidai lokacin wayar salula ta shigo Najeriya, a 2001. Gidajen gem suka bazu a garuruwan Arewa: shago ɗaya, benci, talabijin biyu ko uku, PlayStation, janareta yana kuka a waje, a biya a buga, wanda aka ci ya tashi.

Sai dai gidan gem na ƙwallo ne, sai ɗan dambe irin Mortal Kombat. Dalilin a fili yake. Mai shago yana son wasan da za a gama cikin minti goma wani ya zauna, Total War kuwa yaƙin neman daula ɗaya a cikinsa yana cin makonni, kuma kwamfuta mai ƙarfi yake so, ba ya hawa PlayStation. Space Marine 2 yana hawa, amma sai PlayStation 5, alhali shaguna da yawa tsofaffin injuna suke lallaɓawa. Ƙofar da ta rage ita ce waya. Freeblade ya fito a 2015, Tacticus na kamfanin Snowprint a 2022, kuma Tacticus ya koma wa tsohon tsarin tebur: fage mai gida-gida, kowa da layinsa, 'yan dakaru kaɗan. Saukewa kyauta ne in akwai data da caji. Kuɗin yana ciki, ana sayar wa ɗan wasa jarumai ɗaya-ɗaya, da katin banki.