Play a ɗaki ko wasa a gajimare: daga ina gardamar ta taso?

 Kwanakin nan wata gardama ta kama fadojin samari: wai zamanin sayen Play ya wuce, yanzu da wayarka da rezo mai kyau, ka biya kuɗin wata kamar yadda ake abonman na Canal+, sai ka buga duk wasan da ranka yake so. Masu wannan magana suna yin ta kamar jiya aka ƙirƙiro abin. To shekara talatin ke nan kamfanoni suna neman mai da wasa abin haya, kuma da dama cikinsu a kan hanya suka kwanta.

Mu fara da na'urar kanta. Ta farko da aka sayar don a haɗa ta da tele a gida ita ce Magnavox Odyssey, a Amurka, a 1972. Atari 2600 ta biyo a 1977 da kaset ɗin da ake cirewa a sa wani. A 1983 Nintendo ta fitar da Famicom a Japan, kuma kwafinta na Sin ne ya fara iso wa da yawanmu, da kaset ɗin nan rawaya mai alkawarin wasanni ɗari tara da casa'in da tara, alhali in ka duba wasa goma ne ake ta maimaitawa. Sony ta shigo da PlayStation a Disamba 1994, sai PlayStation 2 a Maris 2000, wadda aka sayar da sama da miliyan 155. Cinikin duk iri ɗaya ne: ka biya sau ɗaya, kaya ya zama naka. Ka ara wa maƙwabci, ka sayar in sallah ta matso, ka kai wa mai gyara in ta daina karanta faifai.

Amma mu faɗi gaskiya, a nan ƙasar kaɗan ne cikinmu suka taɓa mallakar Play tasu ta kansu. Mu ƴan sal ne. Ɗaki ɗaya ko rumfar kwano, benci biyu, tsohuwar tele mai ƙaton baya, manet ɗin da aka ɗaure da sikoc, da ƙaramin gurup yana kuka a waje in NIGELEC ta ɗauke kuran. Ka ba mai sal ƴan daloli, ka buga mac ɗaya na PES, wanda aka ci ya tashi. Na'urorin kusan duk na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su biyo ta Kwatano, Lome ko Kano, an sa musu pus don su karanta faifan kwafi. Ke nan haya ba baƙuwarmu ba ce, da ita muka tashi. Sai dai mai hayar ɗan unguwa ne: ana cin bashinsa, ana yi masa gardama, in ya tsawwala kuɗi a koma sal ɗin gaba. Sony ta daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013, amma ba wanda ya zo daga Tokyo ya kashe waɗanda ke cikin unguwanninmu. Sun ci gaba da ciyar da masu su shekara da shekaru.

Hayar kamfani kuwa ta faro tun 1994, da Sega Channel a Amurka: kusan dalar Amurka 15 a wata, wasanni kamar hamsin suna zuwa ta wayar tele. A lokacin dole sai kana da na'urar, wasan ne kawai ke saukowa. An rufe ta a 1998.

Abin da ake kira wasan gajimare ya wuce nan. Babu wani gajimare, sunan ne kawai. Wata babbar kwamfuta ce a ɗakin kamfani, mai yiwuwa a wata nahiya, ita ke tafiyar da wasan. Kai hoto kawai ake aiko maka, kamar kana kallon bidiyo. In ka danna maɓalli, saƙon ya tafi can, kwamfutar ta yi aikinta, sabon hoto ya dawo. Duk wannan zuwa da dawowa dole ya ƙare kafin ƙiftawar ido. Kamfanin Nvidia, mai GeForce Now, yana neman kada ya wuce milisakan 80, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. In ya wuce, ka danna harbi bayan an riga an ƙwace maka ƙwallo.

Kamfanin OnLive na Steve Perlman ne ya fara gwada haka da gaske, a Yuni 2010. Shekara biyu kawai, a Agusta 2012, kuɗi ya ƙare, aka sallami ma'aikata, aka sayar da kamfanin. Ya yi ta jan ƙafa har 2015, lokacin da Sony ta sayi takardun fasaharsa, aka kashe injinan a ƙarshen Afrilu. Waɗanda suka sayi wasanni a ciki sun tashi ba wasa ba kuɗi. Ita Sony tun 2012 ta riga ta sayi abokin hamayyarsa Gaikai a kan dala miliyan 380, ta gina PlayStation Now a kai.

Sai babban labarin, Stadia. Lokacin da Google ta buɗe ta ranar 19 ga Nuwamba 2019, mutane sun ce to wannan karon an gama, domin wanda ya mallaki YouTube ba ya rasa injina ko kuɗi. Sai dai tsarin ya zo da wani kuskure da kowane ɗan kasuwar Maraɗi zai gane tun daga nesa: an ce ka sayi sabon wasa da cikakken kuɗinsa, kamar dala 60, amma kayan ya zauna a shagon mai sayarwa. Ba ka da faifai, ba ka da komai a na'urarka. Jama'a suka ja baya, don Google ta yi suna wajen buɗe abu ta rufe. Ba su yi ƙarya ba. Ranar 29 ga Satumba 2022 aka ba da sanarwa, ranar 18 ga Janairu 2023 aka kashe. A yi mata adalci, Google ta mai da wa mutane kuɗin wasanni da na kayan da suka saya a wurinta. Amma don tana da hali ne ta yi, kuma don ta ga dama. OnLive ba ta da shi, ba ta yi ba.

Microsoft ta fi wayo. Game Pass, da ta fara a 2017 ta ƙara masa gajimare a Satumba 2020, bai ce maka ka saya ba. Haya ce a fili: ɗaruruwan wasanni, wasu su shigo wasu su fita kowane wata, ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. Ga wanda ke son ɗanɗana wasanni da yawa, ciniki ne mai kyau, tunda sabon wasa ɗaya yanzu yakan kai dala 70. Sai dai mai gida shi ke yanka kuɗin haya. A Oktoba 2025 babban tsarin ya tashi daga kusan dala 20 zuwa 30 a wata, wajen jika 17 namu. A wannan farashi, wata goma sha bakwai sun kai kuɗin PlayStation 5 ranar da ta fito a Nuwamba 2020, dala 499. Ita kuma tana zuwa ba wasa ko ɗaya na kirki, kar a manta da wannan.

Kada masu Play su yi saurin dariya, su ma an fara zare musu tabarma. The Crew, wasan tseren motoci na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a 2014 kuma ba ya tafiya sai da intanet. Ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin ya kashe injinansa, har mai faifai a hannu ya zama ya riƙe marfin kwano. Fushin wannan ne ya haifar da takardar koke ga Tarayyar Turai wadda ta wuce sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Jihar Kaliforniya ma ta yi doka, daga 2025, cewa shago ya gaya wa mai saye a fili in izinin amfani kawai yake biya. PES ɗinmu da kansa ya koma eFootball a 2021, ba faifai, sai saukewa. PlayStation 5 Pro ta 2024 kuwa ta zo ba wurin sa faifai, sai ka saya daban.

To mu a Nijar ina muka tsaya? Google da kanta ta ce Stadia na cin kusan jiga 4,5 a awa ɗaya a hoto mafi sauƙi, har zuwa jiga 20 a mafi kyau. Kowa ya duba forfe ɗinsa ya yi lissafi. Sannan ga nisa. Injinan waɗannan kamfanoni mafi kusa da mu suna Turai ne, ko Afirka ta Kudu inda GeForce Now ta sauka a ƙarshen 2023. Mu ba mu da teku, intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Starlink ta shigo a 2025, ta sauƙaƙa wa masu hali, amma ba ta matso da Paris kusa da Tasawa ba.

Kuma mun ga abin da ya faru a Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na kuranmu, aka yi watanni a haka. Mai sal da gurup ko pano da batir ya ci gaba da tara yara. Wasan gajimare kuwa yana bukatar wuta a ɗakinka, wuta a eriyar rezo, igiya lafiya lau har bakin teku, da katin banki da kamfanin zai karɓa. Ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Shi ya sa a ganinmu, yau dai, wanda ya tara kuɗinsa a nan ya sayi PlayStation 4 ta hannu mai cin faifai ya fi wanda ke jiran gajimare dabara, ko da hotonsa bai kai na wancan ba.

Da Google ta zo rufe Stadia, akwai manet ɗinta a hannun mutane masu yawa, waɗanda aka ƙera don su yi magana da injinan kamfanin kai tsaye ta wifi. Masu su suka yi ta ƙorafi kada a bar su da tarkace. Kwana kaɗan kafin a kashe, a Janairu 2023, kamfanin ya fitar da wata ƴar manhaja da ke buɗe musu Bluetooth. Har yau ana buga wasa da su a kan kwamfuta da waya.