Belle and Sebastian da Tsoron Sauti Mai Tsabta

A watan Oktoba na 2003 ne ƙungiyar Belle and Sebastian ta birnin Gilasgo ta fitar da albam ɗinta Dear Catastrophe Waitress a ƙarƙashin kamfanin Rough Trade, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalin masu sharhi shi ne sunan furodusan, Trevor Horn. Mutumin da ya yi wa Frankie Goes to Hollywood da Seal aiki, wanda aka sani da sauti mai sheƙi da tsada, ina ruwansa da mawaƙan da ke rera waƙa kamar suna kunyar a ji su? Wannan tambaya ta tona wani zato da ya daɗe a harkar waƙar indi a Birtaniya, wato cewa sauti mai ƙura shaida ce ta gaskiyar mawaƙi, tsabtar sauti kuwa alamar ya sayar da kansa ga kasuwa. A ganina zaton ba shi da tushe, kuma tarihin ƙungiyar da kanta ya isa hujja.

Albam ɗinsu na farko, Tigermilk, ya fito ne a 1996 daga wani kwas na harkar waƙa a kwalejin Stow, aka naɗe shi cikin kwana uku, aka buga faifai dubu ɗaya kacal. Kafin shekarar ta ƙare suka fitar da If You're Feeling Sinister, wanda har yau masu sharhi ke ɗauka a matsayin mafi kyawun aikinsu. Raunin sautin waɗannan ayyuka biyu rashin kuɗi da ƙarancin lokaci ne suka haife shi, ba wata aƙida ba. Stuart Murdoch, jagoran ƙungiyar, bai ɓoye cewa yana alfahari da waƙoƙin Sinister ba amma naɗin bai gamsar da shi ba, har ma suka sake rera albam ɗin gaba ɗaya a zauren Barbican na Landan a 2005 suka fitar da shi. Abin da masoya suka riƙe a matsayin tsarki, mai shi gyara yake nema masa.

Mai ja da wannan magana zai ce ba a raba waƙa da sautinta, kuma muryar Murdoch mai sanyi, ta mutumin da ya yi shekaru yana fama da ciwon gajiya mai naci, ta fi dacewa da ɗaki mai shiru fiye da kakaki da goge masu cika kunne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai a Dear Catastrophe Waitress, wanda ya saurari “Piazza, New York Catcher” zai tarar Horn ya bar ta da murya da gita kawai, ya kuma buɗe wa “I'm a Cuckoo” wuta saboda ita hakan take so. Furodusa nagari tela ne, yana yanka gwargwadon jikin mai riga.

An sanya Dear Catastrophe Waitress cikin jerin masu neman lambar yabo ta Mercury ta 2004, wadda maƙwabtansu Franz Ferdinand suka lashe, kuma mafi yawan sharhi ya kira shi farfaɗowa. To farfaɗowa daga me? Daga Fold Your Hands Child, You Walk Like a Peasant na 2000, wanda ya samu tarba mai sanyi duk da babu wani Horn a cikinsa, a lokacin da aka rarraba rubutu da rerawa tsakanin ƴan ƙungiyar. Daga cikinsu, Stuart David ya fita a 2000, Isobel Campbell ta bi sahu a 2002, alƙalami ya koma hannun Murdoch galibi. Wannan sauyi ne ya fi bayyana ƙarfin albam ɗin na 2003, amma sunan Horn ya fi daɗin sakawa a kanun jarida.